Sojan Ingila a Littattafan Yara na Zamanin Mulkin Mallaka: Haka Ya Rayu da Gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. A cikin tsofaffin littattafan laburarenmu na ci karo da wasu labaran yaƙi da aka rubuta wa yaran Ingila a zamanin mulkin mallaka, yawancinsu na G. A. Henty. Ɗalibaina maza sun ƙwallafa rai a kansu. Shin rayuwar sojan Birtaniya da ke ciki haka take da gaske? Kuma ya dace in bar yara su karanta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka da aiki. Yaƙe-yaƙen da ke cikin littattafan an yi su, kuma galibi ranakun, sunayen janar-janar, da hanyoyin da runduna ta bi duk za ki same su daidai. Rayuwar sojan kuwa ba haka take ba. Wanda littafin ke bin sawunsa daga shafin farko zuwa na ƙarshe ɗan manyan gida ne da ke kan hanyar zama hafsa. Farabitin da ya cika bariki, da ɗan Afirka ko ɗan Indiya da ya ɗauki mafi yawan nauyin yaƙin, a gefen labari aka ajiye su.

George Alfred Henty ba jahilin yaƙi ba ne, wannan dole a ba shi haƙƙinsa. An haife shi a 1832, ya bar karatu a jami'ar Cambridge ya tafi yaƙin Kirimiya a sashen da ke kai wa asibitocin soja kaya. Daga baya ya zama wakilin jaridar Standard ta Landan, ya bi rundunar Janar Napier zuwa Habasha a 1868, ya bi ta Janar Wolseley zuwa Kumasi, babban birnin Ashanti a Ghana ta yau, a 1873 da 1874. Kafin ya rasu a 1902 ya bar littattafai sama da 100, mafi yawansu na samari. Faɗa yake yi, sakatarensa na rubutawa, a shekara ya fitar da uku ko fiye. Idan ya zo kan bayanin wani gumurzu sai ya jawo littafin tarihi ko rahoton hafsoshi ya kwashe kusan yadda yake. Shi ya sa za ki ga labari na tafiya da zafi, sai kwatsam jarumin ya ɓace shafi goma ana lissafa bataliyoyi da inda aka girke igwa. Waɗannan shafukan, da yara kan tsallake, su ne suka fi kusa da gaskiya.

Zubin labarin kusan ɗaya ne kullum. Yaro ne ɗan shekara 15 ko 16, ɗan gidan mutunci, uba ya mutu ko dukiya ta karye. Ya iya dambe, ba ya ƙarya, ba ya shan giya, yana koyon harshen mutanen ƙasa cikin 'yan watanni har ya shafa baƙi a jiki ya shiga cikinsu ba a gane shi ba. Janar ya lura da shi, ya jawo shi kusa. A ƙarshe ya koma Ingila da muƙami da kuɗi da matar aure, ya sayi gona. Ko da Henty ya sa jaruminsa a sahun ƙananan sojoji, na ɗan lokaci ne. A The Dash for Khartoum, yaron da ya gudu daga makaranta ya shiga sojan doki a matsayin mai busa begila ya tashi ne a gidan hafsa, kuma kowa a bariki na ganin alamar hakan a maganarsa da ɗabi'arsa. Mai karatu bai taɓa shakkar cewa zai fita daga cikin kurata ba.

A zahiri katangar da ke tsakanin hafsa da farabiti ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Har zuwa 1871 sayen muƙamin hafsa ake yi da kuɗi a sojan ƙasa da na doki. Muƙami mafi ƙanƙanta a sojan ƙasa fam 450 ne a farashin hukuma. Farabiti kuwa sule ɗaya yake samu a rana, wato fam 18 da 'yan kai a shekara. Da zai tara albashinsa kaf bai taɓa ko kwabo ba, sai ya yi kusan shekara 25 kafin ya haɗa kuɗin. Ko bayan da ministan yaƙi Edward Cardwell ya soke cinikin muƙami, albashin ƙaramin hafsa bai isa ya biya masa kayan sarki da kuɗin cin abinci a mes ba, sai mai abin hannu daga gida ke iya zama. Mutum ɗaya tak a tarihin sojan Birtaniya ya taso daga farabiti har ya kai ƙololuwar muƙami na fil mashal, shi ne William Robertson, wanda ya shiga soja a 1877 ya kai can a 1920. Da mahaifiyarsa ta ji ya shiga, wasiƙa ta rubuto masa cewa gara ta binne shi da ta gan shi cikin jar rigar soja. Talaka ce mai mutunci a ƙauye, kuma abin da ta faɗa shi ne ra'ayin irinta a lokacin: aikin soja na wanda ya rasa abin yi ne. Yunwa da rashin aiki ke kai yawancin samari gaban sajen ɗaukar kurata, sau da yawa a gidan giya. A wajen 1830, fiye da kashi 40 cikin 100 na sojojin 'yan Ayaland ne, yankin da ya fi ko'ina talauci a ƙarƙashin sarautar.

Sulen nan ma ba ya isowa hannu cikakke. Abin da hukuma ke bayarwa a rana burodi laba ɗaya ne da nama kashi uku cikin huɗu na laba, har da ƙashi a awon. Shayi, sukari, dankali, wanki, aski, gyaran takalmi, da duk abin da ya fashe a bariki, daga sulen ake zabgewa. Abin da ya rage 'yan kwabbai ne, kuma kantin bariki ke cinye su a giya, domin bayan faretin safe da goge maɓallai babu wani abin yi. Ɗaki guda ake ci, ake kwana, ake shanya kaya. A tsakiyar ƙarni na 19, baho na katako ake ajiyewa a ɗakin don fitsarin dare. Aure sai da izinin kwamanda, kuma kimanin mutum shida cikin ɗari ake ba wa. Kafin a fara gina wa masu iyali ɗakuna, miji da mata da 'ya'yansu a lungun ɗakin gwagware suke zama, bargo ne labulensu. Wadda aka aura ba izini ba ta cikin lissafi: ranar da bataliya za ta shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, a bakin tasha ake barin ta da goyo. Bulala ba a daina ta a lokacin zaman lafiya ba sai 1868, a fagen daga kuwa sai 1881. Wanda ya gudu daga aiki aka kamo shi, zanen harafin D ake yi masa a jiki wanda ba ya gogewa, har 1871. Ki duba littattafan da ke hannunki, da wuya ki sami ko ɗaya daga cikin waɗannan an tsaya a kansa.

Babban abin da aka rage wa nauyi shi ne yadda sojan ke mutuwa. A littafi harsashi ne ko mashi, a gaban abokai, da kalmar ban-kwana a baki. A rajistar asibiti kwalara ce, da atini, da taifot, da tarin fuka. A Kirimiya, inda Henty ya gani da idonsa har shi ma ciwo ya sa aka mayar da shi gida, sojojin Birtaniya sama da 20,000 suka mutu, kimanin 16,000 daga ciki cuta ce ta kashe su. Kwamitin binciken da Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinyar da ta yi aiki a yaƙin Kirimiya, ta matsa aka kafa a 1857 ya gano cewa sojan da ke zaune a bariki cikin Ingila, ba yaƙi ba komai, yana mutuwa kusan ninki biyu na sa'ansa farar hula. Wani kwamitin a 1863 ya ce a Indiya mutum 69 cikin kowane 1,000 ke mutuwa duk shekara. An gyara ruwan sha da magudanai, adadin ya sauka sosai, amma ko a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, cikin kimanin 22,000 da suka mutu, wajen kashi biyu cikin uku ciwo ne. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka wajen matan banza, waɗanda a tsakiyar shekarun 1890 yawan kwanciya asibiti saboda su ya kai kusan rabin adadin sojojin Turawa da ke Indiya. Wannan ba zan zargi marubucin yara da barin sa ba. Amma zazzaɓi da gudawa ba abin kunya ba ne, kuma a wurin Henty zazzaɓi abu ne da ke kwantar da jarumi babi ɗaya ya tashi ya ci gaba.

Akwai marubuta biyu da suka matso kusa da bariki fiye da shi. Juliana Ewing matar hafsa ce, ta zauna shekaru a sansanin Aldershot, kuma a Jackanapes da The Story of a Short Life ana jin ta san ƙarar begilar safe da yadda sojoji ke hira. Sai dai ita mutuwar sadaukarwa ce ta dame ta, labaranta wa'azi ne mai sa hawaye. Rudyard Kipling kuwa, yana saurayi ɗan jarida a Lahore, ya zauna da ƙananan sojoji ya saurare su. A labarinsa The Drums of the Fore and Aft akwai yara biyu makaɗan badujala, 'yan wajen shekara 14, masu zagi da shan taba da dambe. Bataliyarsu ta sababbin kurata ta ga mayaƙan Afganistan sun taso da wuƙaƙe, ta juya da gudu. Yaran, da barasa a cikinsu, suka fito fili suna kiɗa da busa, aka harbe su, kunya ta dawo da manya fagen fama. Soja ya ji tsoro, ya gudu, yaro ya bugu: Henty ba zai taɓa rubuta haka ba. Kuma yaran irin waɗannan gaskiya ne, ana ɗaukar su daga shekara 14 a matsayin makaɗa ko teloli, da yawansu marayun bariki. Hatta uban Kim, yaron da ke jarumin shahararren littafin Kipling na 1901, tsohon saje ne ɗan Ayaland da giya da ƙwayar opium suka ƙarasa cikin talauci. Kipling mai kishin daular ne na gaske, kada a yi kuskure, amma ya kalli farabiti a matsayin mutum.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne By Sheer Pluck na 1884, labarin yaƙin Ashanti, kuma in yana cikin laburarenku ina so ki karanta shi da kanki kafin ɗalibai. Jarumin, Frank Hargate, ya biyo wani masanin tsuntsaye da ƙwari zuwa Afirka ta Yamma, kuma masu gadinsu Hausawa ne 'yan bindiga da aka ɗauka haya. Littafin ya yabe su da jarunta da riƙon amana. Amma a cikin littafin nan dai, dattijon masanin ya zaunar da yaron yana karantar da shi cewa hankalin baƙar fata bai wuce na yaron Bature ɗan shekara goma ba, kuma ba ya ci gaba sai a ƙarƙashin farar fata. Ba mugun labarin aka sa wa maganar a baki ba, mutumin kirkin labarin ne, wanda aka gina don mai karatu ya yarda da shi. Yabon da cin mutuncin tare suke tafiya: Bahaushe nagari ne matuƙar yana riƙe da bindigar Bature yana bin umarni.

Su waye waɗannan Hausawa a tarihi? A 1863 wani hafsan Birtaniya, John Glover, ya fara tara su a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere daga iyayengijinsu, kuma ba dukansu ne Hausawa a asali ba, harshen ne ya haɗa su. A yaƙin 1873 zuwa 1874 Glover ya jagoranci wata runduna ta daban daga wajen kogin Volta da su, kuma su ne suka riƙe igwogin Wolseley a hanyar Kumasi. Wolseley ya san zazzaɓin gaɓar teku, don haka sojojin Turawa kimanin 2,500 ya sauko da su cikin rani kawai, suka yi faɗa a Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, suka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, suka ƙone ta, ya kwashe su kafin damina ta kankama. Duk da wannan gaggawa, waɗanda ciwo ya kashe sun ninka waɗanda suka mutu a faɗa wajen sau uku. Hanyar da suka taka, da gadojin, da bukkokin da suka kwana, da kowane akwatin harsashi da buhun abinci, dubban 'yan dako ne na ƙasar Fante suka yi suka ɗauka a ka, har da mata, da yawa bisa tilas. A littafin an fi ambaton su lokacin da suka gudu.

Wannan shi ne tsarin yaƙin mulkin mallaka a mafi yawan wurare, kuma shi ne abin da yaron Ingila bai gani ba. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Janar Kitchener Turawa kimanin 8,000 ne, Misirawa da Sudaniyawa kimanin 17,000. Mabiya Mahadi wajen 10,000 suka kwanta dama cikin safiya guda a gaban igwa da bindiga mai ruwa, waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener kuwa ba su kai 50 ba. An ƙarasa raunanan da ke kwance a fili, an rushe hubbaren Mahadi, abin da har Winston Churchill, wanda ke wurin yana ƙaramin hafsa, ya soka a rubuce. A ƙasarmu ma, rundunar Kanar Morland da ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 baƙaƙen sojoji ne sama da 700, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, kuma dukansu hafsoshi ne ko sajoji ko likitoci. Ba bataliyar farabitin Ingila ko ɗaya da ta zo Kano ko Sakkwato ko Burmi. A Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi, Laftanar Wallace Wright ne ya karɓi lambar yabo mafi girma ta Birtaniya, sojojin da suka durƙusa suka yi harbin kuwa 'yan ƙasa ne. Kuma bulalar da aka ɗauke wa farabitin Bature a 1881 an ci gaba da tsula wa sojan Afirka ita shekaru da dama bayan haka.

Me ya sa aka rubuta su haka? Ki dubi wanda aka rubuta wa. Dokar ilimi ta 1870 ta cika Ingila da yara masu iya karatu, kasuwa ta cika da ƙananan mujallun kwabo ɗaya na labarin 'yan fashi da kisan kai, iyaye da malaman coci suka tsorata. Wata ƙungiyar addini ta fito da mujallar Boy's Own Paper a 1879 don ta ba yara kasada mai tsabta. Littafin Henty mai bango mai ado, na kamfanin Blackie, sule biyar ko shida ake sayar da shi, wato albashin farabiti na kwana biyar ko shida tun ba a zabge komai ba. Uban da ke da hali ne ke saye, ko makaranta ta saya ta ba ɗalibi kyautar ƙarshen shekara. Yaron da ake so ya karanta shi ne wanda gobe zai zama hafsa, ko joji, ko ma'aikacin kamfani a wata ƙasa mai nisa. Ana koya masa cewa shugabanci halittarsa ce, kuma waɗanda ke ƙarƙashinsa, fari ko baƙi, za su so shi in ya yi adalci. Irin yaran da suka tashi da waɗannan littattafai a shekarun 1880 da 1890 su ne tsarar da ta zo mana a matsayin razdan da di'o. Lokacin da aka buɗe ɗaukar soja don yaƙin Afirka ta Kudu, likitoci suka riƙa mayar da ɗimbin samarin birane gida saboda rama da ruɓaɓɓun haƙora da rashin tsawo, hankalin manya ya tashi, har aka kafa kwamitin bincike. Wannan fargabar na cikin abin da ya haifi ƙungiyar sikawut ta Baden-Powell a 1908, shi ma hafsan soja ne da ya je Kumasi a 1896.

Game da ko ki bar su su karanta, ni ba na goyon bayan a kulle littattafan a kabad. Yaron da aka hana zai samo su a intanet kyauta, ya karanta ba mai yi masa jagora, kuma haɗarin yana nan: labarin na da daɗi, yaro zai tsinci kansa yana murna lokacin da bindiga mai ruwa ke zubar da mutanen da suka yi kama da kakansa. 'Yan ƙananan azuzuwa dai a dakata musu. 'Yan aji huɗu zuwa shida za su iya, in kina tare da su. Ki zaɓi babi ɗaya na faɗa, ki sa su ja layi biyu a takarda, su rubuta duk wanda aka ambaci sunansa a gefe ɗaya, duk wanda aka ambata a jimla ko da lamba a ɗaya gefen. Sannan su duba wa ya yi magana da bakinsa, wa aka yi maganarsa, wa ya ɗauki kaya, wa ya dafa abinci, mutuwar wa aka tsaya a kai. Ki karanta musu maganar dattijon nan na By Sheer Pluck a fili, kada ki tsallake ta, ki bar su su ba shi amsa a rubuce da Turancinsu. Darasin rubutu ne mai kyau, kuma za su yi shi da zuciya.

Sai ki haɗa musu da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya. Shi ma labarin yaƙi ne da ake ba yara 'yan makaranta, shi ma cike yake da kirari da zuzuta jarumi, amma mai ba da labarin yana ɓangaren da aka auna da igwa, cikin mayaƙan Kwantagora. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ɗalibi zai ga cewa kowane ɓangare na da abin da yake ƙarawa da abin da yake ɓoyewa, har da namu, domin Ganɗoki bai tsaya a kan waɗanda hare-haren Kwantagora suka kama bayi ba. In lokacin zango ya ba ki dama, ki sa labarin makaɗan nan biyu na Kipling a tsakani. Gajere ne, ana gama shi a darasi biyu, sai dai Turancin bariki da ke cikinsa na da wuya, za ki buƙaci ki fassara musu maganganun yaran kafin su shiga.